Mai Tura Lilon Mardiya

Shekara bakwai ke nan Maniru bai taɓa kama sunan 'yarsa ta fari ba. Haka ya tarar a gidansu na Karofi: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban mutane. Shi kuwa Maniru idan ya riƙe al'ada sai ka ce shi kaɗai aka ba ajiyarta. Tun da aka yaye Mardiya aka kai ta Rawayau wurin kakarta Dada, idan ya kai musu wake bayan kaka, iyakar abin da yake ce mata shi ne, "Ke, kina lahiya?" Sai ya kau da kai da sauri. Amma a kan babur, a hanyar komawa, yakan yi ta faɗin sunan shi kaɗai.

Ana saura wata biyu ƙaramar Salla Dada ta rasu, aka dawo da Mardiya gidan ubanta. Yarinya ta ƙi sakewa. Ƙullin kayanta ma ba ta kwance ba, kullum yana nan bakin ƙofar ɗakin uwarta, Hafsatu. Da kawunta Atiku ya ga haka sai ya ce kwana uku bayan Salla zai zo, in ta ce za ta bi shi, ya mayar da ita Rawayau ya riƙe ta. Maniru ya ce to. Wannan "to" ɗin ta hana shi jin daɗin tuwo har azumi ya ƙare.

Ana gobe Atiku zai zo, Maniru ya ɗora Mardiya da ƙanwarta Humaira a babur, suka nufi Dutsin-Ma. Akwai wani fili da 'yan unguwa suka kewaye suka gyara wa yara, da inuwar darbejiya, da lilo huɗu na ƙarfe, da wani tudun siminti mai santsi da yara ke hawa suna zamowa har wandunan Salla su yi baƙi. Mata sun shimfiɗa tabarmi a gefe, mai zoɓo da mai awara suna ta ciniki.

Humaira, 'yar shekara huɗu, ta ruga ta haye lilo. Maniru ya bi ta yana turawa yana dariya.

"Humaira, riƙe da kyau! Humaira, kada ki saki!"

Sau nawa ya faɗi sunan nan? Shi bai ƙirga ba. Amma akwai mai ƙirgawa. Mardiya ta samu lilon ƙarshe ta zauna, hannu biyu a kan sarƙa, ƙafafunta ba su kai ƙasa ba. Lilon yana tsaye cak.

Wata dattijuwa da ta kawo jikokinta ta matso kusa da ita. "Ɗiyata, ina mai tura ki? Ke kaɗai kika zo?"

"Da Baba muka zo," in ji Mardiya. Ta nuna shi da haɓa.

"To mi ya hana shi tura ki?"

"Humaira ya sani. Ni bai san sunana ba." Babu kuka a muryarta, ta faɗa ne kamar mai ba da labarin abin da kowa ya sani. "Dada ce ta sani, kuma ta rasu."

Maniru ya ji kowace kalma. Hannunsa ya mutu a kan sarƙar, har Humaira ta waiwayo tana ƙorafi. Shi da ya ɗauka duniya duk ta san cewa wanda aka fi so shi ake jin kunya, ashe babu wanda ya taɓa gaya wa mai sunan.

Dattijuwar ta dube shi, ta gane komai. Ta ce a hankali, "Malam, ta fari ce ko?" Ya ɗaga kai. Sai ta je ta kama tura Humaira.

Taku biyar ne tsakaninsa da lilon ƙarshe, amma kafin ya isa gumi ya jiƙa masa sabuwar shadda. Ga mutane cike da fili, har da wasu 'yan Karofi da suka san shi. Ya tsaya a bayan 'yarsa ta fari. Ya buɗe baki, "Ke" ta riga ta zo kan harshe don sabo, ya haɗiye ta.

"Mardiya. Riƙe da kyau."

Ba ta waiwayo ba, amma ya ga yatsunta sun ƙanƙame sarƙar. Ya tura a hankali. Lilon ya tafi, ya dawo hannunsa, ya sake turawa. A karo na uku ne ta yi magana, da ƙyar ya ji.

"Baba, wa ya hwaɗa maka?"

"Ni na raɗa miki shi a kunne, kina da kwana bakwai."

Lilon ya tafi ya dawo sau biyu. Sannan ta ce, "In Kawu ya zo gobe, ka ce mashi ina nan." Ta ɗan miƙe ƙafa gaba yadda ta ga yara suna yi. "Sake hwaɗi."

Ya sake faɗa, da ƙarfi wannan karon, har 'yan Karofin suka juyo.