Ɗinkin da Na Yi wa Keken Mahmudu

Wajen shekara goma bayan yunwar Kakalaba, da kaka, wana Yahuza ya bi ayarin gero zuwa Agadas. Mu dukawa ne a Gangara, tun kakanni salka da guga muke ɗinkawa, shi kuwa ya ce ya gaji da warin jima. Innarmu Hajjo ta hana shi tafiya, ya ƙi ji. Ranar tashinsu ta ce masa a gaban mutane in ya fita kada ya sake kiranta uwa. Ya ɗauki sandarsa ya fita.

Kwana biyu da tafiyarsu ciwon haƙarƙari ya kayar da ita. Da safen kwana na uku ta kira ni, ta ce wannan kwanciya ba ta tashi ba ce, in je in komo mata da Yahuza ta yafe masa da bakinta.

Raƙuman gari duk sun bi ayari, jaki ba zai cim musu ba, dokin mai gari kuma yana ɗingishi. Abin da ya rage shi ne keken Mahmudu, wani farke da ya sayo shi a Kano. Babu wani keke a duk ƙasarmu sai shi. Na taɓa hawansa sau uku ko huɗu a filin kasuwa, lokacin da na yi wa sirdinsa rufin fata.

Mahmudu bai yi mini rowa ba. Ya ce ayari da kaya ba ya sauri, kuma sun saba yini guda a wata rijiya arewa da Tanut don cika salkuna. In na yi haƙuri, gobe da hantsi zan iske su can. In suka bar rijiyar kuwa, sai dai in juyo, don gaba babu ruwa.

Ya zaunar da ni ya yi mini karatun tafiya mai nisa. Ya ce kada in tashi da gudu, wanda ya zuba ƙarfinsa da safe ba ya ganin la'asar. In sha ruwa tun ƙishi bai zo ba, in jefa dabino a baki tun ban ji yunwa ba. In na tsaya hutu kada in daɗe, ƙafa ta kan yi sanyi ta ƙi tashi. In na ga rairayi in sauka in tura.

"Barmo, dokin nan ba ya cin dusa," in ji shi, "cinyarka yake ci. Ka riƙa ba shi kaɗan-kaɗan."

Sannan ya nuna mini cikin tayar, inda wata roba mai laushi kamar hanji take riƙe da iska. Ya ba ni famfo da ɗan gwangwani mai danƙo da guntayen roba. Ya ce in ƙaya ta huda, in kankare wurin, in shafa danƙo, in manna. Na ce to. Gaskiya rabin hankalina yana ɗakin Inna.

Na ɗaure salka a baya na kama hanya. Da fari keken yana ta yawo da ni hagu da dama, har mata masu sussuka suka bar aiki suna kallo. Daga baya muka daidaita. Inda ƙasa take da tauri na ji kamar ba ni da nauyi, na wuce gonaki da rumbuna, na wuce masu jakuna suna yi mini sannu. Na bi maganar Mahmudu duka. Ana la'asar na wuce Tanut, na ƙara gaba har rana ta faɗi, na kwana a wata ruga.

Da gari ya waye ban yi nisa ba na ji bayan keken yana dukan ƙasa. Na sauka. Ƙayar tsidau ce, ƙwaya ɗaya tal. Na fiddo robar, na sami hujin, na kankare, na shafa danƙo, na manna, kamar yadda aka ce. Ya kama kuwa sarai.

Sai na zauna ina kallon facin, raina bai kwanta ba. Tun ina ƙarami babanmu ya kan ce facin da ba a bi shi da ɗinki ba ha'inci ne, kuma ban taɓa sallamar salka da manni kawai ba. Ga tafiya a gaba, ga kayan mutane. Na ciro basilla da jijiya daga jakata, na zagaye facin da ɗinki ƙanana a jere. Ban taɓa yin ɗinki mai kyau kamarsa ba.

Na mayar, na buga famfo. Iska ta riƙa fita ta kowane bakin basilla. Fata in ta jiƙa ta kan kumbura ta rufe ɗinki, sai na zuba masa ruwan salkata, na jira. Roba ba ta san wannan ba. Na kwashe sauran guntayen na rufe ɗinkin, ba su kai rabinsa ba, danƙon kuma ya ƙare. Na cusa ciyawa a cikin tayar, ta yi ɗan taku ta markaɗe.

Ba zan iya yar da keken a daji ba, amana ne. Na tura shi. Inda rairayi ya yi zurfi na saɓa shi a kafaɗa. Ina tafe ina lissafin inda rana take, ba abin da zan iya yi mata.

Bayan la'asar na isa rijiyar. Ga toka ta murhu-murhu, ga kashin raƙuma bai gama bushewa ba. Wani dattijon Buzu, Aghali, yana shayar da awakinsa. Ya dube ni yana dariya, ya tambaya wane irin doki ne wannan da mai shi ke goyo. Da na gaya masa abin da ya kawo ni, ya daina dariya. Ya ce ayarin ya tashi da azahar, rana ta ɗan karkata. Raƙuminsa ɗaya ne, ɗansa ya tafi da shi Tarka. Ya ba ni nono, ya yi alkawari duk wanda ya bi hanyar arewa zai ba shi saƙon, ya sa na maimaita masa sunan Yahuza sau biyu.

Kwana uku na yi ina tura keken zuwa gida. Na tarar an binne Inna tun jiya. Ƙanwarta Mairama ta ce har ƙarshe duk motsin da ta ji a ƙofa sai ta tambaya ko mu ne. Mahmudu ya dubi ɗinkin ya daɗe, sannan ya yi mini gaisuwa.

Yahuza ya komo bayan wata huɗu. Saƙo bai same shi ba. Na kai shi kushewar, na gaya masa duk abin da ta ce.

"Da bakinta ta faɗa?"

"Da bakinta, Yaya."

"Kai ka ji, ba ni ba," ya ce. Ya tsuguna a wurin, ni kuma na tsaya a bayansa.