Bidiyon Malamin Lissafi

Ina goge tagogin ofishin malamai aka zo mini da labarin. Abokiyar aikina ce ta zo, wadda muke kira Rediyo saboda bakinta ba ya hutawa. Ranar sai ta tsaya a bakin ƙofa shiru, tana murza gefen mayafinta. Shirun nan nata shi ya fara tsinka mini zuciya.

Ta ce, "Ajiye tsumman nan, Yaya. Hedimasta yana kiranki."

Maigidana malamin lissafi ne a makarantar da nake shara. Da safen ranar aka kwashe su a mota, shi da sauran malamai, zuwa wata makaranta inda ake koya musu aiki da kwamfuta. Yana zaune a kan benci ya ce kansa yana juyawa, ya kifa goshi a kan tebur. Kafin a kai shi asibiti ya cika. Haka Hedimasta ya faɗa mini, idonsa a ƙasa. Ban yi kuka a wurin ba. Tambayarsa na yi ko Malam ya ci abincin da na ɗaure masa. Har yau ban san abin da ya sa na yi wannan tambayar ba.

Malam bai taɓa son horon nan ba. An raba wa kowane malami kwamfutar hannu, shimfiɗaɗɗiya, shi kuwa faranti yake ce mata. Aka ce kowa ya riƙa ɗaukar kansa a bidiyo yana koyarwa, don yaron da bai zo ba ya kalla daga baya. In an tashi sai ya tsaya a aji shi kaɗai, ya jingina farantin da littattafai, yana yi wa kujeru darasi. Ya dawo gida yana mita. "Gashina ya yi fari a gaban allo, yanzu wai faranti ne zai duba ko na iya aiki." Ni dariya nake yi masa. Ban taɓa cewa ya nuna mini abin da ya ɗauka ba. Mutumin da kike kwana kike tashi da shi, me za ki kalla a faranti?

Da na koma aiki bayan rasuwar, sai na tarar horon ya iso makarantarmu. Wannan karon har da mu, masu shara da masu gadi da masu dafa abinci, domin an kafa wata na'ura a bakin ofis, kowa sai ya dangwala yatsa da safe a san ya zo. Ni kuwa ba ta karanta yatsana. Sabulu ya cinye zanen. Kullum sai ta yi ƙara ta nuna ja, Rediyo tana bayana tana cewa, "Yaya, na'ura ta ce ba ke ba ce. Faɗa mana gaskiya, wace ce ke?"

Aka tara mu a babban ɗakin taro, da malamanmu da na wasu makarantu. Mu muna can baya kusa da ƙofa. Mai koyarwar wata yarinya ce sabuwa, ba ta fi sa'ar 'yata ba, mai saurin magana da tabarau. Ta kunna majigi a bango ta ce, "Kafin mu ga yadda ake ɗaukar darasi, bari mu ga yadda ba a yi."

Sai ga allo baƙi a bango. Ga mutum tsaye daga wuya zuwa ƙugu, babu kai. Rigar nan mai ruwan toka ce, wadda na sake wa maɓalli na biyu da wani da bai yi kala da sauran ba. Sai murya ta ce, "To, yara, ku zauna."

Malaman da suka zo daga wasu makarantu suka fashe da dariya. Wani ya ce, "Ina ya ajiye kan?" Namu kuwa, da suka gane shi, suka sunkuyar da kai. Hoton ya tsaya, wani jan zobe ya zagaye wuyansa, sai muryar yarinyar ta fito daga cikin bidiyon kansa tana lissafa kurakurai: bai saita kyamara ba, ya ba haske baya, ya yi nisa da abin magana.

Rediyo ta miƙe tsaye. "Ke 'yar nan, kashe abin nan! Mijinta ne, ga ta nan zaune. Ko ƙasa ba ta gama bushewa a kansa ba."

Yarinyar ta rikice, tana neman inda za ta danna. Ni kuma sai na ji bakina yana cewa, "Kar ki kashe." Amma ta riga ta kashe.

Ba mu da muryarsa a gida. Wayarsa ƙarama ce irin tawa, ta kira kawai. Hotunansa ma na takardun aiki ne, ya ɗaure fuska kamar an kama shi da laifi. Ban san na fara manta yadda yake jan kalmar "to" ba sai da na ji ta a bangon nan.

Da aka tashi na same ta tana naɗe wayoyi. Ta ce, "Mama, don Allah ki yafe mini. Wallahi ban sani ba. A cikin kayan wanda na gada a aikin nan na same shi."

Na ce, "Ba faɗa na zo yi ba. Abin nake so. Wanda babu maganarki a ciki."

Ta ce ba ta da shi. Da ta yanka ta haɗa nata, sai ta goge na asalin don wuri ya cika mata. Amma kar na damu, duk abin da Malam ya ɗauka yana nan a ajiye a asusunsa na kwamfutar makaranta. Ta ce na je wurin akawu, shi ke riƙe da wannan.

Akawunmu mutum ne mai son a san ya iya. Tun da aka fara horon ya daina gaisawa da kyau, kullum idonsa a kan kwamfuta. Ranar farko ya ce babu wuta. Washegari akwai wuta, babu intanet. Rana ta gaba akwai duka biyun, shi ne babu, ya tafi nasa horon. Na riƙa zuwa da tsintsiyata ina share ofishinsa fiye da yadda yake buƙata, har ya ce, "Matar Malam, za ki cinye mana siminti."

Ranar da komai ya haɗu, ya gyara zama ya ce, "Yanzu za ki ga aiki." Ya buga sunan Malam. Ya sake bugawa. Ya cire hularsa ya sosa kai.

Na ce, "Lafiya?"

"Ai na cire shi."

"Ka cire shi daga ina?"

"Daga cikin ma'aikata. Haka aka koya mana, duk wanda ya bar aiki a cire shi nan take, kar wani ya shiga da sunansa. Ni ne ma na farko da ya iya yi a ajinmu."

"Barin aiki ya yi?"

Ya ce, "A kwamfuta duk ɗaya ne, Matar Malam. Babu wurin da za a danna a ce mutum ya rasu."

Na tambaye shi inda abubuwan suke tafiya in an cire mutum. Ya ce suna ɗan jira na wani lokaci, in ba a neme su ba su tafi gaba ɗaya. Na ce yaushe lokacin ya cika? Ya duba, ya mayar da hularsa kai. Daga baya na gane ina zaune a gida ana shigowa yi mini gaisuwa lokacin ya wuce.

Na ce, "To farantinsa fa?"

An ba sabon malamin lissafi. An wanke shi tas kafin a ba shi, shi ma haka aka koya musu.

Na fito na zauna a kan matakala. Rediyo ta zo ta zauna kusa da ni ta zage su duka, daga akawu har wanda ya ƙera kwamfuta. Ta ce in na yarda za ta zuba wa na'urar yatsan nan ruwan wanke-wanke. Na ce ta bari, na'urar ba ta san ni ba ma balle ta yi mini laifi.

Saura bidiyo guda ɗaya ke nan a duniya, na yarinyar, mai jan zobe. Ita kuma sau ɗaya take zuwa a mako. Na jira ta. Ta ce, "Mama, dokar aikinmu ba ta yarda a ba kowa kayan horo ba."

Na ce, "Mijina ne kayan horon?"

Ta cire tabarau ta goge ido. Ta ce na kawo waya. Na miƙa mata tawa. Ta juya ta gaba da baya ta ce wannan ba ta ɗaukar bidiyo, sai babba. 'Yata da ke aure a nesa ta aiko mini da tsohuwar tata, gilashin ya tsage a gefe. Na kai. Ta ce wayar ta cika, sai an rage kaya. Aka rage. Ta ce sai an buɗe mini adireshi na intanet, da kalmar sirri. Na ce ta sa duk abin da ta ga dama. Ta ce a'a, sirri ne, ni zan zaɓa. Na zaɓa, aka ce ya yi gajere. Na ƙara, aka ce sai da lamba. Da muka gama sai intanet ya ɗauke. Wani makon muka dawo, na manta abin da na zaɓa.

Haka na zama 'yar aji. Ana gama koya wa masu shara dangwala yatsa su watse, ni sai na zauna cikin malamai a layin baya, da waya a hannu. Karatuna bai yi nisa ba, rubutun kan wayar kuma ƙanana ne. Gilashin ma ba ya jin yatsana sai na goge shi a zane na danna da ƙarfi, in na danna da ƙarfi kuma ya buɗe abin da ban nema ba. Wani malami ya ce, "Matar Malam, za ki karɓe mana aiki ne?" Na ce, "Ku da kuka iya, me kuka adana?"

Ranar da bidiyon ya shiga wayata, na roƙe ta abu biyu. Na farko, ta cire muryarta ta bar tasa. Ta ce inda take magana ta riga ta yanke tasa, in ta cire tata shiru ne zai rage. Na biyu, ta daina nuna shi. Ta ce ita ta daina tun ranar. Amma tuni an tura wa sauran masu koyarwa, yana yawo a makarantun da ita ma ba ta sani ba. Ta rubuta musu, wasu sun amsa, wasu ba su amsa ba.

Ke nan a wani ɗaki da ban sani ba, mutane suna zaune suna tambayar inda ya ajiye kansa. Mutumin da bai taɓa shiga aji a makare ba. Wannan abin yana ci mini rai har yanzu, kuma babu ofishin da zan je na kai ƙara.

A gida na kalle shi duka, karo na farko. Farkon nasa ne: ya ce yara su zauna, ya rubuta lambobi, hannunsa yana barin farin alli a gefen rigar. Tsakiyar duk ta yarinyar ce da jan zobenta. Amma a ƙarshe akwai ɗan guntun da ta manta ba ta yanke ba. Ya gama darasi, ya taho kashe farantin. Ya sunkuyo, fuskarsa ta cika gilashin, kusa sosai har ana ganin furfurar hancinsa. Ya ƙanƙance ido yana nema. Ya ce, "Wai ina abin kashewar nan yake?" Ya yi tsaki. Sai duhu.

Abin da na koya a horon nan guda ɗaya ne: yadda ake ɗora yatsa a kan ɗan farin ɗigon da ke ƙasan bidiyon a ja shi, a tsallake tsakiya. Kullum da safe kafin na ɗauki tsintsiya nakan zauna a bakin gado na kunna. In ya gama rubutu a allo sai na ja. Sau da yawa yatsan yana zamewa na faɗa cikin maganarta, "Ku lura da kuskure na biyu," sai na koma baya na sake. Ranar da na dace kuwa, daidai kan fuskarsa nake sauka. Ya yi tambayarsa, ni kuma na ce, "Yana gefen dama, Malam." Sannan na tafi aiki.