Gwiwar Baba Likita

Baba Likita ya ɗaga ƙafa zai hau babur ɗina ya kasa, ya sake ɗagawa ya kasa, sai da na karkato masa babur ɗin har ya kusa kwanciya sannan ya samu ya ɗare. Rigar aikina ce a jikinsa, wadda garin katako ya riga ya ci, da tsohuwar hulata da ta sauko masa har kunne. Mama, matarsa, tana tsaye a bakin ƙofa ta riƙe ƙugu.

"Shekara da shekaru ina goge maka farar riga, yau ga ka a rigar kafinta."

"Aiki za mu," in ji shi.

"Wanda ya bar aiki ne zai ce min aiki za shi?"

Ya taɓa kafaɗata alamar mu tafi.

Ni kafinta ne, shagona a jikin katangar gidansu yake. Ɗakuna biyu na gaban gidan su ne asibitinsa, bencin da marasa lafiya ke zama ma ni na buga shi. Ina da 'ya guda ɗaya, ko makaranta ba ta shiga ba, tana fama da fuka. In ciwon ya taso mata, ƙirjinta kan yi wani siririn kuka, shi ya sa Baba Likita ya raɗa mata suna Usur, har uwarta ma ta koma kiranta haka.

Usur ba ta yarda da kowa, amma shi ya san kanta. In mun shiga, sai ya ɗauki abin sauraren ƙirji ya murza ƙarfen a tafin hannunsa har ya yi ɗumi, ya saƙala mata a kunne, ya ɓalle maɓallin rigarsa. Ita za ta fara duba shi. Ta gama saurare ta yanke hukunci, sannan ya ce, "To Likita, saura ni," ita kuma ta ɗaga riga ba gardama. Wata rana ta daɗe tana saurare, ta ce masa nasa yana tuntuɓe. Ya ce ai hanyar ce duk ramuka. Muka yi dariya.

Ba a jima da wannan ba ya kira ni na kwance masa allon asibitin. Ya ce ya gaji, idonsa ma ya gaji, zai huta. A ranar ya sa na buga masa wani majingini na katako da za a ɗora a kan gado, wai don karatun jarida.

Muka kai Usur babban asibiti. Likitan can bai yi mata magana ba, ya janye riga ya manna mata ƙarfe mai sanyi, da ya kawo hannu zai buɗe mata baki ta gantsara masa cizo a yatsa. Haƙuri muka yi ta bayarwa har bakin ƙofa. Daga ranar, ko mai sayar da nama ta gani da farar riga sai ta datse baki.

Ga damina na matsowa, kuma da ruwan farko ciwon ke tasowa. Matata ta shiga wurin Baba Likita ta roƙe shi, ta ce ya rufe wa kowa ƙofa amma ya bar wa Usur taga. Ya ƙi. Ya ce likitan yaro kamata ya yi ya zama wanda zai ga girman yaron. Amma ya ce shi da kansa zai nemo mata wani, kuma ba a sayen takalmi ba a gwada ba. Zai je musu a matsayin marar lafiya, da ciwon gwiwa na ƙarya, ya ga yadda suke taɓa mutum. Dalilin rigata ke nan, don rabin likitocin garin sun san fuskarsa.

Asibitin farko ƙasansa sai ƙyalli yake, ga sanyi kamar cikin firij, ga talabijin a bango. Baba ya yi ta gwajin ɗingishi tun daga waje. Muna shiga ofis likitan ya ɗago, ya zabura ya miƙe har kujera ta faɗi.

"Malam! Kai ne?"

Ashe ɗalibinsa ne. Baba ya ce ba shi ba ne, kama ce. Likitan ya ce ko a duhu ya ji wannan muryar sai gabansa ya faɗi. Ya zaunar da shi a kujerarsa, ya aika a kawo lemo, ya bi ni da harara yana tambayar wa ya sa wa Malam wannan tsumma. Na sunkuyar da kai, don tsumman nawa ne. Muka sha lemo, aka rako mu har babur ana ta gaisuwa.

Na ce wa Baba ai wannan mutumin kirki ne. Ya ce mutumin kirki ne ƙwarai, amma ban dubi sabulun da ke bakin famfonsa ba? Ya bushe har ya tsattsage kamar dundunniyar manomi. Tun yana ɗalibi suke faɗa a kan wanke hannu.

Na biyun kuwa bai gane Baba ba, don bai kalle shi ba sam. Idonsa na kan kwamfuta, yana tambaya yana danne-danne. Ina ne ke ciwo? Tun yaushe? Yana kumbura? Baba ya amsa na farko, ya amsa na biyu, sai ya zungure ni da gwiwar hannu ya yi min alama in ci gaba. Na ce yana kumbura. Likita ya danna. Baba ya tashi a hankali ya koma bakin taga yana kallon motoci, ni na dawo kujerar marar lafiya. Har muka gama mutumin nan bai san an sauya masa majinyaci ba. Ya miƙo min takardar magani ya ce, "Baba, a rage hawan bene."

A waje Baba ya karɓi takardar ya karanta, ya ce in da gaske gwiwar na ciwo, da yanzu ciki ma ya shiga layi. Ya yi dariya har ta zame masa tari, sai da ya dafa bango ya huta. Na ce mu koma gida haka nan, rana ta yi. Ya ce saura ɗaya, wata yarinya likita da mai shagon magani ya ba shi labarinta, a bayan tashar mota.

Wurin ƙarami ne, cike da yara, wani na kuka wani na lasar bango. Bencinta ƙafa ɗaya ta fi sauran gajarta, an tokare da kwali, abin ya yi ta damuna. Muka jira layi ya zo kanmu. Baba ya shiga yana ɗingisa ƙafar hagu, bayan tun safe dama yake ɗingisawa.

Likitar ba ta kai ni shekaru ba. Ta gaishe shi da ladabi, ta wanke hannu, na ga Baba ya saci kallon sabulun. Ya fara ba ta labarin gwiwa, ya tsara shi tsaf. Ta bar shi ya gama, ta ce ya cire takalmi. Ya ce gwiwa ya ce, ba ƙafa ba. Ta ce ta ji, ya cire dai. Ta durƙusa ta danna babban yatsanta a idon sawunsa, da ta ɗauke sai wurin ya zauna a lotse kamar an danna sabulu mai laushi. Ta ɗauko abin sauraren ƙirji, ta murza ƙarfen a tafin hannunta. Baba ya kalle ni, na kalle shi.

Ta daɗe tana saurare, gaba da baya. Sannan ta cire abin daga kunne.

"Baba, gwiwarka ta fi tawa lafiya. Tun yaushe kake kwana a zaune?"

Sai majinginin nan ya faɗo min a rai. Ni na auna shi, ni na goge shi, har na tambaye shi ko a ƙara masa wurin ajiye jarida.

Baba ya fara musu. Cikin musun ya manta da rigar da ke jikinsa, ya saki wata doguwar kalma ta Turancin likitoci. Ta tsaya tana dubansa, ta tambaye shi sana'arsa. Ya ce kafinta ne. Ta kama hannunsa ta juya, ta ce ba ta taɓa ganin kafintan da guduma ba ta taɓa samun yatsansa ba. Daga nan ta juyo kaina. Ta ce ni wane irin ɗa ne da zan ɗora mai irin wannan zuciya a bayan babur cikin rana? Na buɗe baki in ce maƙwabci ne ni, Baba ya taka min ƙafa. Haka na sha faɗan nan a matsayin ɗa.

Ta ce ko shi wane ne, gobe da safe sai ya ga likitan zuciya, kuma ya ba ta lambar matarsa yanzu. A nan ne na ga tsoro a fuskar Baba Likita. Ya ce a bar matarsa daga wannan magana. Ta ce ba za a bar ta ba.

Ta hana mu hawa babur, sai tasi muka shiga, na bar babur ɗin wurin mai faci. Baba ya jingina da kujera ya lumshe ido yana murmushi.

"Ita ce," ya ce. "Ta ma fi ni masifa."

Na tambaye shi tun yaushe ya san da ciwon zuciyar. Ya ce tun kafin Usur ta faɗa. Ya ce in taimake shi in yi shiru a gaban Mama, ba ta san komai ba, zai lallaɓa ta.

Muka tarar da Mama a bakin ƙofa inda muka bar ta, waya a hannu. Baba ya fara kame-kame. Ta ce ya adana numfashinsa. Ita da take kwana a gefensa, tana jin yadda yake jan iska kamar mai hawan dutse, ita zai ce wa karatun jarida? Jaridar da ko fitila ba ya kunnawa? Ta yi shiru ne kawai don ta ga ya fi samun barci in yana zaton ba ta sani ba. Ta ce ya shiga ya cire wa yaron mutane rigarsa.

Ya je wurin likitan zuciyar, ni na raka shi, ya dawo da magunguna cike da leda yana ƙorafin wanda ya rubuta su. Bayan haka bai ƙara fita ba. Na ɗauko majinginin na kafa masa a baranda, inda yake hango shagona, yana gaya min ƙafar tebur ta karkace tun daga nesa. Kullum da safe Usur kan shiga ta duba shi. Ya gaya mata ya samo mata abokiyar aiki a bayan tasha. Ta ce in hannunta da sanyi za ta cije ta. Ya ce wannan tsakaninsu ne, likitoci ba a shiga faɗansu.

Ranar da ya rasu, da rana ne, ina tsaka da goge ƙofa. Ina jiyo Mama ta katanga tana yi masa faɗa a kan maganin rana da ta gani a ƙarƙashin faranti. Ta yi faɗan mai tsawo, ta haɗa da laifin bara da na bara waccan. Sai na ji ta tsaya. Ni ma na ajiye abin da ke hannuna, don tunda nake a wurin ban taɓa jin ta kai ƙarshen faɗa bai sa mata baki ba.

Na shiga na same shi a jingine, tabarau a hanci, jarida a kan ƙirji. Mama na zaune a gefensa ta riƙe masa hannu. Ta ce min, "Ka ga, yau ya bar min magana ta ƙarshe."

Unguwa ta cika. Mutanen da ya yi wa allura suna yara suka zo da nasu yaran. Ɗalibinsa mai lemo ya zo ya yi kuka sosai, na ji kunyar maganar sabulu. Da mutane suka watse, Mama ta kira Usur ta rataya mata abin sauraren ƙirjin a wuya, ta ce ya bar wasiyya a ba ta, ita ce abokiyar aikinsa.

Ruwan farko ya sauka da wata safiya, kafin azahar ƙirjin Usur ya fara kuka. Muka ɗauke ta ni da uwarta sai bayan tasha, na riƙo guntun katako da ƙusa saboda bencin nan. Da layi ya zo kanmu, Usur ta ga farar riga ta datse baki, ta maƙale a bayan uwarta. Uwarta ta fara ba da haƙuri tun kafin a yi cizon.

Likitar ta gane ni. Ta tambaye ni jikin babana, na gaya mata. Ta dubi abin da ke rataye a wuyan yarinyar. Na ce mata, a hankali, Usur ce take fara dubawa.

Ba ta tambayi dalili ba. Ta jawo kujera ta zauna daidai tsayin Usur, ta buɗe gaban farar rigarta ta jira. A waje yara na kuka, ruwa na buga kwano. Usur ta leƙo, ta fito, ta kama ƙarfen ta yi ta murzawa a ɗan tafin hannunta. Ta saƙala a kunne, ta ɗora, ta daɗe tana saurare da baki a buɗe, ƙirjinta na ta kukansa.

"Naki ba ya tuntuɓe," ta ce.

Ta cire abin daga kunnenta ta miƙa wa likitar, ta ɗaga rigarta da hannu biyu.