Irin Barmo

Tun da watan shuka ya kama, Barmo bai ƙara cin tuwo a zaune ba. Ya kai loma, ya leƙa gabas, ya dawo ya kai wata. Sungumin shukarsa kuwa ya wasa shi har ya gaji da wasuwa.

Duk garin Gangara an san abin da ke cinsa. Bara ɗoki ya ja shi ya zuba irinsa a yayyafin farko, rana ta ƙone tsiron, shi da matarsa Hajjo suka ƙare shekara a kan abin da dangi suka sammusu. Bana abin da ya rage masa ƙwarya ɗaya ce ta irin gero, babu ta biyu. Ga shi kuma mutumin da ya ga yunwar Kakalaba da idonsa, shekara goma da ƴan kai da suka wuce. So yake ruwa ya zo, kuma tsoron zuwansa yake.

Ran wata Laraba da hantsi ruwan ya sauko. Da ya ɗauke, maza suka fita gona, kowa ya tona ƙasa da hannu don ya ga inda laima ta tsaya. Barmo ya tona, sanyi ya kai masa wuyan hannu. Ya matsa gaba ya sake tonawa.

Maƙwabcinsa Jibo, da ya riga ya fara sara, ya ce, "Barmo, rijiya za ka gina? Wannan ai ruwan shuka ne."

"Bara ma haka na ce."

"Bara yatsa biyu ya jiƙa."

Barmo ya tsaya da ƙwarya a hannu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ya juya gida.

Hajjo ta tare shi a bakin danga. "Maigida, lafiya na ga ƙwarya cike?"

"Sai ruwa ya ƙara na biyu."

"To in ya yi nawa, bai zo da wuri ba fa?"

Barmo ya mai da irin cikin tukunya ya rufe.

Na biyun ya yi nawa ƙwarai, amma laimar farko ta riƙe shukar mutane. Lokacin da Barmo ya shuka tasa, geron Jibo ya kai gwiwa. Daga nan fa ya yi noma kamar zai kashe kansa, kuma gonar ta yi kyau, kore shar, har masu ayarin Agadas kan tsaya su duba. Sai dai daminar ƙasar Damargu gajera ce, ba ta jiran kowa. Geronsa na fara ciki ruwa ya ɗauke.

Da kaka, ana ta ɗaurin dammuna a gonakin gefe, Buba makiyayi ya biyo daga Tarka da shanunsa. Ya dubi karan nan masu tsawo, ba zangarniya ko ɗaya, ya tambaya ko mai gona ya gama da ita.

Barmo ya ce, "Na gama. Sako su."