Cinikin da Ba a Taya Ba

Duk wanda ya san layin 'yan yadi a Babbar Kasuwar Katsina ya san shagon Alhaji Mati, ko da yake shi Alhaji Matin ya daɗe da riga mu gidan gaskiya. Ɗansa, Alhaji Dabo na Ƙofar Marusa, shi ke zaune a ciki yanzu, kuma bai taɓa yarda a sauke allon sunan tsohon ba. In ka kuskura ka zauna a bencinsa, kafin shayinka ya huce zai gaya maka cewa a zamanin da sojoji ke zagaya kasuwa suna neman masu ɓoye kaya, shagon mahaifinsa kaɗai suka wuce ba su leƙa ba. Sojoji sun koma bariki tuntuni, 'yan siyasa sun manne bangon kasuwar da hotunansu, amma labarin nan kullum ƙara tsawo yake yi. Dabo ba shi da mota mai tsada, ba shi da bene. Sunan nan shi ne dukiyarsa, kuma yana tinƙaho da shi har ya ishi maƙwabta.

Abu na biyu da yake ji da shi shi ne ciniki. A wurinsa kuɗin farko da mai kaya zai faɗa ba farashi ba ne, sallama ce kawai. Ya faɗa, mai saye ya riƙe baki ya taya, shi kuma ya ce albarka. A tambayi lafiyar iyali, a koma. Mai saye ya yi kamar zai tafi, a kira shi. Sai an gaji da ja sannan Dabo ya naɗe yadin ya ce ya sallama, kowa ya tashi yana ganin shi ya ci riba. Tsohon ya sha gaya masa cewa kuɗin da ba a ja ba, ba na mai kaya ba ne, kuma a kan wannan ya girma.

Ana nan sai aka shigo da abin da 'yan layin suka sa wa suna kasuwar waya: ka ɗauki hoton kayanka ka ɗora, wani daga ko'ina ya gani ya biya, mota ta kai masa. Maƙwabcinsa Alhaji Gwadabe ya riga kowa shiga, ya dinga ɗaga waya yana cewa yau ya sayar a Fatakwal, jiya a Ibadan. Dabo ya ce wannan wasan yara ne. Ya faɗi haka sati biyu, a na uku ya aika a kira masa Yahaya, wakilin kamfanin da ke yi wa 'yan kasuwa rajista.

Yahaya mutum ne mai haƙuri. Bayan doguwar gaisuwa ya ɗauki hotunan shadda, ya tambayi sunan da za a sa wa shagon.

"Wanga ai ba abin tambaya ba ne," in ji Dabo, yana nuna allo da baki. "Alhaji Mati da 'Ya'yansa. Duniya ta gani."

"To Alhaji, saura sharuɗɗa, bari in karanto maka. Na farko, in an sayi kaya, kuɗin yana hannun kamfani har mai saye ya karɓa, a yi mako guda bai yi ƙorafi ba, sannan a turo maka. Na biyu..."

"Malam Yahaya, tun kahin a haihe ka nike cikin kasuwar ga. Ni za ka koya ma ciniki? Ina wurin da ake dannawa?"

Aka nuna masa, ya danna ya yarda da duk abin da bai ji ba. Da aka zo kan wata shadda rinin Mali, yadi goma, Yahaya ya tambayi kuɗinta. Dabo ya gyara hula ya faɗi kuɗin da yakan fara gaya wa wanda ya sauko daga sabuwar mota.

"Haka zan sa, Alhaji?"

"Sa mana. Ai za su taya."

Ranar Laraba bayan azahar wayar ta yi ƙara. Wata Hajiya Rashida daga Abuja ta sayi shaddar. Dabo ya gyara zama yana jiran tayi, har ya tanadi albarkarsa a baki. Shiru. Ya juya wayar, ya girgiza ta, ya miƙa wa Gwadabe ya duba ko wani abu ya maƙale. Gwadabe ya ce babu abin da ya maƙale, matar ta biya duka, ko kwabo ba ta rage ba.

Gaskiya dai a faɗe ta: Dabo ya ji daɗi. Ya yi yammacin nan yana zagaya layi kamar wanda aka yi wa naɗi, yana gaya wa mutane cewa suna mai kyau ba ya ɓuya, har Abuja an san gidan Alhaji Mati. Ya sayi tsire ya tafi da shi gida.

Matarsa Hajiya Hajo ce ta ɓata masa lissafi, ita da ba ta taɓa zaman shago ba amma ta san kuɗin kowane yadi da ke cikinsa. Yana cikin ba ta labari ta ce, "To nawa ta taya?"

"Ba ta taya ba."

"Ba ta taya ba kamar ƙaƙa? Kuɗin buɗe baki ta biya?"

"Ita ta ga za ta iya."

"Ikon Allah," in ji Hajo, tana ɗaukar tsinken tsire. "Ashe wanga nama na baiwar Allah ne muke ci. Allah ya jiƙan Baba, da shina nan da ya sha kallo."

Dabo ya ajiye naman. Abin da ya yini yana kauda kai daga gare shi ya zo ya zauna a gabansa: da a gaban shago ne, da kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin nan ya zube kafin ya sallama. Matar ba ta cuce shi ba, bai yi mata ƙarya ba, amma ya karɓi kuɗin da ba a ja ba, kuma da sunan tsohon ya karɓa. Kunya ta kama shi sosai, har da haushin cewa sai da aka tuna masa.

Da safe ya ɗaure shaddar ya ba motar kamfani, sannan ya kira Yahaya ya ce a rage kuɗin. Yahaya ya ce in an riga an biya ba a taɓa farashi, wannan shi ne sharaɗi na biyu da Alhaji bai tsaya ya ji ba. Sai dai a soke cinikin, sokewa kuwa laifi ne da ake rubuta wa mai shago. Ya fara cewa akwai na uku ma, amma Dabo ya riga ya kashe waya, don ya tuna akwai lambar matar a jikin takardar da aka manna wa kayan, kuma ya kwafe ta. Mutum da mutum ai ba sa rasa fahimtar juna. Ya bari har ranar da aka nuna kaya sun isa, ya share murya, ya kira.

"Salamu alaikum. Hajiya Rashida ce? Ina kwana, ina gajiya? Ya gida, ya yara? Ya maigidan? Ya Abujar, ana ta fama? To madalla. Ya ƙarin haƙuri da zahi?"

"Lafiya lau. Wa ke magana?"

"Alhaji Dabo ne daga Katsina, mai shaddar da kika saya. Hajiya, an samu kuskure, kuɗin da kika biya sun yi yawa. Ki turo mani lambar asusunki in maido maki da ragowar."

Dabo bai sani ba, bara waccan wani mai daɗin baki ya kira matar nan da irin wannan zance, ya kwashe mata asusu tas. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

"Malam," in ji ta, "an riga ka. Ka nemi wata."

"Subhanallahi! Hajiya, ba ki gane ba. To bari mu yi ta yadda aka saba. Ki taya. Nawa za ki saya?"

"In taya kayan da na riga na biya, suna ɗakina?"

"Ai shi ya sa. Taya ko kaɗan ne, ni kuma in ce albarka, mu haɗu a tsakiya."

Ta kashe. Mai hankali da ya tsaya nan, amma Dabo ya ga ai ba a barin ciniki don mai saye ya juya baya, kiransa ake yi. Ya sake kira. Ya kuma kira. Ya tura saƙon murya yana rantsuwa da kabarin mahaifinsa cewa lambar asusu kawai yake so. Daga nan wayarsa ba ta ƙara shiga ba.

Kwana biyu sai ga saƙo daga kamfani, Gwadabe ya fassara masa: mai saye ta kai ƙara, an dakatar da shagonsa na waya, an riƙe kuɗin har a gama bincike. Sharaɗi na uku ke nan, wanda ya hana mai kaya yin maganar kuɗi da mai saye a bayan fage. Wanda ya ƙi ji ai ba ya ƙi gani ba.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Gwadabe ya ci gaba da latsa waya, sai ya ƙyalƙyale da dariya ya yafito 'yan layi. Matar ta rubuta ra'ayinta a shafin shagon, da Hausa, don 'yan'uwanta su gani. Ya ɗaga murya ya karanto tun daga sama:

"Alhaji Mati da 'Ya'yansa. Tauraro ɗaya cikin biyar. Shaddar tana da kyau ƙwarai, kuma da araha. Amma ku yi hattara, mai wannan shago ɗan damfara ne."

"Da araha hwa ta ce!" in ji wani, layi ya kece da dariya. Kuɗin da ya hana Dabo cin tsire, ita a wurinta tsintuwa ce. Garin neman gira an rasa ido.

Shi kuwa Dabo bai ji arahar ba. Sunan ya ji, da kalmar da ta biyo bayansa. Tsohon ya yi zamaninsa kaf babu wanda ya taɓa ɗaga masa murya a kan kwabo, yau yana kwance a kabari ana karanta shi ɗan damfara, kuma ɗansa ne ya ɗauki sunan da hannunsa ya kai inda za a zage shi. Zuciyarsa ta yi masa zafi irin wanda bai ji ba tun ranar jana'iza. Ya shiga shago ya zauna bayan tulin yadi. Masu dariya suka lura, suka watse ɗaya bayan ɗaya, har Gwadabe ya dawo ya ce a yi haƙuri, bai zaci abin zai kai haka ba.

Daga baya binciken ya ƙare. Kaya sun isa, daidai suke da hoto, saboda haka aka turo wa Dabo kuɗinsa cif, har da ragowar da ya yi ta roƙo a karɓa. Hajo ta ce ya kai ta masallacin unguwa a sayi tabarmi da niyyar ladan ya je wa Hajiya Rashida, tunda can babu mai kai ƙara. Haka aka yi.

Ranar da aka sake buɗe shagon na waya, Yahaya ya zo. Wannan karon Dabo ya sa aka kawo shayi, ya ce a karanto masa sharuɗɗan tun daga farko, ya zauna shiru har aka kai ƙarshe. Da aka zo gyara farashi ya buɗe baki, kuɗin da yakan gaya wa mai sabuwar mota ya taso masa har maƙogwaro, ya haɗiye shi da ƙyar. Ya faɗi kuɗin sallamawa kai tsaye, abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa, ya ji kamar ya fito kasuwa babu hula.

"Saura rubutun matar ga," in ji shi. "A goge shi."

"Ba ya goguwa, Alhaji. Abin da mai saye ya rubuta yana nan muddin shafin yana nan. Ko ka daina sayarwa, mai nema zai gani."

A kasuwa in an yi da mutum, mako guda ne wani zancen ya taso a manta. Dabo ya daɗe yana kallon wayar.

"To mi ke canzuwa?"

"Sunan shago kawai. Wasu in irin haka ta same su sai su sa wani sunan Turanci, babu mai gane ko su waye. In kana so in nemo maka mai daɗi."

Dabo ya ɗaga kai ya dubi allon da ke saman ƙofa, fentinsa ya fara ƙoƙewa ta gefe.

"Cire na tsoho," ya ce. "Sa Dabo. Dabo Ƙofar Marusa, yadda kowa zai gane."

"Alhaji, rubutun fa zai koma ƙarƙashin sunanka."

"Na sani. Ai ni na kira ta, ba shi ba."

Yahaya ya latsa, ya miƙo masa wayar. Dabo ya sa tabarau ya bi layin da yatsa a hankali: sunansa a sama, tauraro ɗaya, sannan mai wannan shago ɗan damfara ne. Ya karanta har ƙarshe, ya gyaɗa kai, ya sa wayar a aljihu. Sannan ya aika a kira mai fenti ya zo ya sabunta allon.