Da Sauƙi

…bakwai da rabi, ya ce. Awa bakwai da rabi daga Kuala Lumfur zuwa garin Larabawan da za su canza jirgi, ya zauna awa huɗu, sai kuma awa bakwai zuwa Kano. Daga nan mota, Kazaure, Daura. Na lissafa a carbi, na ɓata, na sake. Duk ta inda na bi, gobe ce.

Gobe, Jamalu! Ga babanka a ɗakin can, an rufe shi da zane tun hantsi.

Kilomita dubu goma da ɗoriya, in ji Hadijatu yayarka. Me na sani da kilomita? Ni da Zango ma nake ganin nisanta, in na je sai na kwana biyu ina jiƙa ƙafa a ruwan zafi…

Ruwan zafi — sun ɗora na wanka. Ina jin ƙanshin magarya daga nan.

Baffanka Mainasara ya leƙo, ko kallona bai yi ba. Ana idar da azahar za a kai shi, ba a ajiye gawa don mai tafiya. Gaskiyarsa ce. Da wane bakin zan yi musu?

Wannan bakin dai. Wata biyu kana kira, Inna ya jikin Baba? Da sauƙi. Ranar da ya daina zuwa rumfar ɗinkinsa, da sauƙi. Ranar da kunu ya ƙi wucewa, yana bi ta gefen baki ina sharewa da mayafina — da sauƙi, alhamdulillahi. To me ake cewa? Haka uwata ta ce a kan ubana har aka fita da shi. Wa ya taɓa ɗaga waya ya ce wa ɗansa taho, ubanka tafiya zai yi? Sai ka ce rai a hannuna yake.

Ka ce in taho? Na ce zauna ka gama jarrabawarka. Ni na ce. Ba don Hadijatu ta ɓuya a bayan rumbu ta gaya maka jikin ya yi tsanani ba, da yanzu kana can kana karatu.

Malam babanka yakan ɗaga kai duk sanda jirgi ya gifta. Auta ne? Na ce yana hanya. Shi ma na yi masa ƙarya, Allah na tuba.

Kana ina yanzu? Kan teku? Sun ba ka abinci? Da asuba ka ce ka sayo masa abin auna jini, da hula mai taushi…

An kira salla. Ga ƙarar makara ta bugi ƙofar zaure, kullum sai na ce a gyara ƙofar nan.

Wayar tana motsi a cinyata. Lambar waje. Ka sauka kenan, sauran rabin hanya, kai kaɗai cikin baƙi, ba mai riƙe ka in ka faɗi.

Na san abin da za ka tambaya. Na gaji, Jamalu, wallahi na gaji… ga harshena har ya fara haɗa ta.