Kayan Makaranta Na Shekara Shida

Makarantu uku wata mai ɗinki ta zagaya a mako guda, ƙanenta direban tasi yana jan ta yana mita. 'Yarta tilo ce ta gama firamare, uban kuwa ya rasu tun tana goye. Duk layinsu an yi mamaki da aka ji wai makarantar kwana take nema mata, matar da ko shagon bakin titi ta aiki yarinyar sai ta tsaya a ƙofa tana hange.

Ta farko ta burge direban. Bene hawa biyu, kofunan gasa jere a ofishin shugaba, sakamakon jarrabawa manne a bango. Ita kuwa sai ta ce a nuna mata ɗakin kwana. Ta danna katifa, ta leƙa banɗaki, ta tambayi wa ke kwana kusa da yaran. Aka ce manyan ɗalibai. Ta yi godiya ta fito.

"Yaya, wai makaranta kike nema ko miji kike zaɓar mata?" in ji direban.

"Ja mota, sarkin surutu."

A ta biyu ko ofis ba ta shiga ba. Ta hango wata yarinya durƙushe a rana tana kuka, malamai na wucewa ba mai ko kallonta. Ta juya.

Ta ukun tana da nisa, hanyar duk ramuka, fentin ya koɗe. Suka tarar da dattijuwar da ke kula da ɗakin kwana, wadda yara ke kira Inna, zaune a baranda tana tsefe wa wata ɗaliba kai. Mai ɗinkin ta ce ƙanenta ya jira a mota. Da Inna ta sallami ɗalibar, mai ɗinkin ta rage murya.

"Inna, idan aka kawo wa yarinya mummunan labari daga gida, wa ke faɗa mata?"

Dattijuwar ta dube ta, ta dubi awarwaron da ya yi wa hannunta yawa saboda rama.

"Ni. Kuma ba a ofis ba, a ɗakina. 'Yata, me likita ya ce?"

"Ya daina maganar tiyata."

A hanyar dawowa ta faɗa wa ƙanenta cewa ciwonta ba na tashi ba ne. Ya gangara gefen titi, ya kifa kansa a sitiyari. Ita ce ma ta koma tana lallashinsa, tana shafa masa baya kamar lokacin da yake ƙarami.

Daga ranar ta daina karɓar ɗinkin mutane. Ta sayo yadin makarantar bandir guda, ta zauna a kan keken ɗinki. Ta ɗinka na aji ɗaya, ta ɗinka na aji biyu, ta ci gaba har na aji shida, kowanne tana ƙara masa tsawo da faɗin kafaɗa bisa hasashe. Wata safiya yarinyar ta ɗaga na ƙarshen, ta kara a jikinta, rigar har ƙasa.

"Umma, wannan ai ta fi ƙarfina."

"Za ki girma, Uwata."

"To, ba sai na girman ki ɗinka ba?"

Keken ya tsaya. Yarinyar ta ajiye rigar a hankali.

"Ina jin ki kina amai. Na ga magungunan a ƙasan akwati. Ki bar ni a gida, ni zan riƙa dafa miki ruwan zafi. Wallahi ba zan yi kuka ba."

Mai ɗinkin ta tuna yadda ta yi jinyar tata uwar tana 'yar shekara goma sha uku, har yau in ta rufe ido fuskar ƙarshen take gani, ta lafiyar ta ɓace mata. Sai ta daka wa yarinyar tsawa, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Makaranta za ki! Na gama magana."

Ranar tafiya yarinyar ta kau da fuskarta ga taga har suka isa. Kawunta ya sauke akwati, Inna ta kama hannunta. Uwar ta tsaya jikin mota tana jira ta waiwayo ko sau ɗaya. Ba ta waiwayo ba.

Ranar ziyara ta zo uwar na kwance a asibiti, ƙafafu sun kumbura. Direban ya je shi kaɗai, ya dawo mata da 'yar takarda da aka yago daga littafin lissafi. Idonta ba ya gani sosai, shi ya karanta mata.

"Umma, Inna tana da kirki. Na zo ta huɗu a gwaji. Har yanzu ina fushi da ke. Ki riƙa cin abinci."

Ta sa ya sake karantawa. Sannan ta ce a miƙo mata kwanon da ta ture tun safe, ta yi loma uku da ƙyar.

Saura kwana goma sha ɗaya a ba da hutu ta cika.